Zoben Tagulla a Rijiyar Gilashi

Kwana goma sha ɗaya muka yi a Tamanrasset, a wani gida mai ɗaki huɗu da ƴan ci-rani suka cika shi har bakin ƙofa. Mu biyu ne, ni da Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata. Shekara talatin ya yi yana yasar rijiyoyi, daga Matameye har Icirnawa babu unguwar da ba ta san igiyarsa ba. Wata rana a wata tsohuwar rijiya ta Tsauni numfashi ya ɗauke masa a ƙasa, aka jawo shi kamar gawa. Ya rayu, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Likita a Damagaram ya ce ba shi ba sauka rami, ba shi ba shiga ruwa.

Da gona ta ƙi shekara biyu a jere, ya ce zai bi ni Aljeriya. Matarsa, Iya Hajo, ba ta hana ba. Ta dai kira ni bayan rumbu ta ce, "Lawali, abu ɗaya nake so. Kowane aiki ya yi, ban da sauka. Ko ya roƙe ka, ko ya zage ka." Na ɗaukar mata alkawari. Mahaifiyata kuma ta ba ni zoben tagulla da wani malami ya yi wa addu'a, ta ce kada in cire shi sai na dawo gabanta. Da waɗannan biyun na shiga hanya.

A gidan nan na Tamanrasset wani Bahaushe ya same mu, ana ce masa Ɗanlami, kullum cikin farar riga a goge. Da ya ji inda muka fito sai ya dafa ƙirji.

"Ƴan Matameye? Ai gida ne. Kakata ƴar Ɗan Barto ce."

Ya ce akwai gonar dabino a In Salah da ke neman mutum biyu masu amana, gadi da ban ruwa kawai. Washegari na ji shi yana gaya wa wasu ƴan Maraɗi cewa kakarsa ƴar Tibiri ce. Na faɗa wa Kawu. Ya ce, "Kakar nan ta sha aure, Allah Ya jiƙanta." Duk da haka muka bi maganarsa, don guzuri ya kusa ƙarewa.

In Salah gari ne da yashi ke shiga har cikin abinci. Gonar tana nan, dabinon ma yana nan, amma aikin ba gadi ba ne. Ruwansu ta ƙarƙashin ƙasa yake biyo wata doguwar hanya, da ramuka a jere a kanta kamar rijiyoyi, kuma yashi ya toshe ta. Mai gonar ya nuna ramin farko, ya nuna igiya da kwando, ya tambayi wanda zai sauka.

Kawu ya leƙa ramin, na ga fuskarsa ta washe. Ya fara naɗe hannun riga.

Na ce, "Ni zan sauka."

"Kai? Kai da ko randa ba ka leƙawa sai ka yi bisimilla?"

"Ni zan sauka, Kawu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki igiyar ya ɗaura mini a ƙugu da kansa. A nan ya koya mini ƙa'idar aikinsu. Fizga ɗaya, sako igiya. Fizga biyu, ja kwando. Fizga uku, ja ni. Ya ce amma babbar ƙa'idar ba ta na ƙasa ba ce, ta na sama ce. Wanda ke cikin rami bai san ya gaji ba, don zuciyarsa tana kan aikin. Mai riƙe igiya shi ke duba leɓensa da numfashinsa in ya fito, shi ke cewa ya isa, kuma in ya ce ya isa, ko sarki ne a ƙasa ba ya komawa.

Wata guda na yi ina sauka, kullum da tsoro. Da yamma in na fito Kawu yakan kakkaɓe mini yashi daga gashi, ya ce yau ma rami ya ƙi ni. Da muka gama, mai gonar ya ce shi tuni ya sallami Ɗanlami a kanmu. Ya ba mu buhun dabino, ya rufe ƙofarsa. Ban ji zafin abin sosai ba. Na riƙe alkawarin Iya Hajo, kuma a lokacin na ɗauka na gama da jarrabawar.

A bayan wani kamyo, babbar motar kaya, muka isa Gardaya. Dabino muka yi ta ci safe da yamma har cikinmu ya ƙi shi. Na rame, zoben ya fara yawo a yatsata, na mayar da shi yatsar tsakiya, can ma yana juyawa. Sanyi ya fara, tarin Kawu ya dawo. Muna zaune a gindin bangon wani shago yana tari, sai tsohon mai shagon ya fito ya tsaya a kanmu. Na yi shirin tashi, don na saba da kora. Ya koma ciki ya fito da wata doguwar rigar ulu mai hula, irin wadda suke kira kashabiya, ya ɗora wa Kawu a kafaɗa. Ba ya jin Faransanci, mu ba mu jin Larabcinsa. Kawu ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a da Hausa, doguwa, har da ƴaƴa da jikoki da dabbobi. Tsohon ya tsaya yana cewa amin a duk inda ya dace.

A Gardaya kewar gida ta fi kama ni. Lokacin rake ne a Matameye. Kawu ya ce in rufe baki da zancen rake, haƙoransa ma sun fara kuka.

Wahran ita ce ƙarshen tafiyarmu, don daga ita sai teku. Ranar da muka fara ganinsa Kawu ya tsaya hannu a baya, ya dube shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "To wannan kuma wa zai yashe shi?"

Mun sami wurin kwana a wani bene da ba a gama ginawa ba, tare da wasu ƴan ƙasarmu. Da safe mukan tsaya a wata mararraba inda masu neman leburori ke zuwa. A nan Si Bashir ya ɗauke mu. Gajere ne mai sanƙo, kullum da tsinken ashana a baki. Yana da shagon kifayen ado, kuma shi ke kula da manyan tankunan gilashi na otal-otal da gidajen cin abinci. Ɗaukar jarkokin ruwa kawai ya ɗauke mu mu yi na yini ɗaya. Da aka gama, Kawu ya ga tiyo a yashe a ƙasa, ya ɗauka ya naɗe shi yadda yake naɗe igiyar rijiya, zagaye bisa zagaye, babu murɗewa. Si Bashir ya cire ashanar daga bakinsa ya kalla. Ya ce mu dawo gobe.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ɗan Faransancin da na tsinta ya isa magana. Kawu ba ya ji ko kaɗan. Duk abin da ya wuce tsakaninsa da Si Bashir ta bakina yake bi.

Ranar farko ya jera mu ya faɗi dokarsa, ya ce in fassara kalma-kalma. Hannun da zai kusanci ruwa ba sabulu, ba turare, ba mai. Agogo da zobe da duk wani ƙarfe a cire a ajiye, musamman tagulla, don guba ce ga halittun ruwan gishiri. Kuma ba a shiga tanki. Duk abin da za a yi, daga sama ake yinsa da dogayen kayan aiki. Kawu ya cire layunsa da zobensa na azurfa, ya zuba a hula ya ajiye. Ni na sa hannu a aljihu. Da aka ba mu safar hannu ta roba mai kaiwa har kafaɗa, na zura hannun da sauri, zoben yana ciki. Na ce a raina roba ta raba shi da ruwa, ban saɓa wa Inna ba, ban cuci kowa ba.

Kayan aikin sun fi ƙarfin abin da na taɓa gani. Akwai sanda mai shiga cikin juna, a ja ta ta yi tsawon mutum uku, a bakinta a ɗaura reza ko soso don kankare gansakuka daga jikin gilashi. Akwai mayen ƙarfe guda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, in ka ja na waje na ciki ya bi shi yana gogewa. Akwai tiyo mai faɗin baki da ke zuƙo datti daga cikin yashi ya bar yashin. Akwai raga mai dogon hannu. Sai wani dogon awartaki, ka matsa hannunsa a sama bakinsa ya kama abu a ƙasa. Kawu ya raɗa masa suna ƙugiya, don aikinsu ɗaya da ƙugiyar ciro guga. Kowane tanki da nasa kayan, ba a gauraya su don kada a kai cuta. In an gama a ɗauraye su da ruwa zalla, a rataye kowanne bisa tsawonsa.

Cikin mako ɗaya Kawu ya fi ni iyawa. Ni in na kai ƙugiya sai in kuskure, don abu ba ya inda ido ya gan shi.

"Ruwa maƙaryaci ne," in ji shi. "Ka kai ƙasa da inda ya nuna maka."

Tanki mafi girma yana wani gidan cin abinci a bakin teku. Zurfinsa gaba biyu da rabi a awon Kawu, shi ya sa yake ce masa rijiyar gilashi. An jera duwatsu a ciki har tsakiya, a kansu murjani mai rai yana buɗewa yana rufewa, da jajayen jatan lande masu farin gashin baki, da wata kifanya rawaya da Kawu ya sa wa Hajiya, don ba ta cin abinci sai kowa ya watse. Bakin tankin yana wani ƙaramin ɗaki a sama, ana hawa da matakala, da katako da muke durƙusawa a kai.

Na kira Iya Hajo a salula na ce mata mun sami aikin da aka yi domin Kawu: rijiya ce, amma daga sama ake yasar ta. Ta yi dariya ta ce Allah Ya yi mini albarka.

Wata uku muka yi haka lafiya. Ran nan safar hannuna ta huje, ruwa ya shiga. Ina durƙushe a kan katakon na fizge ta, zoben ya biyo ta ya fita. Ina kallo ya sauka yana juyawa, ya shige wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, can ƙasa ta baya. Kawu yana ƙasa a wajen gilashi yana jan mayen ƙarfe, bai gani ba. Na kai ƙugiya, bakinta ya fi tsagar faɗi, kuma miƙaƙƙiya ce, ba ta lanƙwasa ta shiga. Duk zuwan da muka yi bayan nan sai na gwada a ɓoye. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako biyu jatan lande suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya, murjanin ya rufe ya ƙi buɗewa. Si Bashir ya ɗebi ruwan a ƴar kwalba, ya ɗiga masa wani magani, ya ɗaga ta wajen haske.

Ya ce, "Akwai tagulla a ruwan nan. Lawali, wani abu ya faɗa ciki?"

Na ce babu.

"Tambayi tsohon."

Na juya wajen Kawu na ce da Hausa, "Yana tambaya ko mun wanke tiyo da sabulu."

Kawu ya girgiza kai da gaskiyarsa, Si Bashir ya yarda. Ya ce mai gidan abincin ya fara maganar ba wani aikin, kuma in bai gano inda abin yake ba, sai dai a kwashe tankin gaba ɗaya.

Da rana muna cin burodi da shayi a bayan shago, Kawu ya kama hannuna ya juya shi. Shatin zoben yana nan a yatsar.

"Ina zoben Yaya?"

Na gaya masa duka, har da abin da aka tambaye shi da abin da na fassara. Bai yi faɗa ba. Ya tsoma burodinsa a shayi.

"Sai ka je ka faɗa wa mutumin."

"Kawu, na riga na ce masa babu. Zai kore mu. Ba takarda, ga sanyi, ina za mu?"

Ya gama taunawa. Can ya ce, "Gaba biyu da rabi ne fa. Ni da na sauka ashirin da biyu a Icirnawa."

"Iya Hajo ta ce..."

"Hajo tana Matameye tana daka."

"Na ɗaukar mata alkawari."

"Kai ka ɗauka. Ni ba a tambaye ni ba."

Na yi gardama, amma ba irin ta In Salah ba. Zan faɗi gaskiya a nan, don ita ta sa nake rubutun: da ya ambaci sauka, sanyi na ji a raina. Na ga hanyar da ba sai na tsaya gaban Si Bashir na ce na yi ƙarya ba.

Ranar Juma'a da safe gidan abincin a rufe yake, mu kaɗai muke zuwa ba kifi abinci, mai gadi yana can bakin titi. Tsakiyar lokacin sanyi ne. Kawu ya rataye kashabiyarsa a bayan ƙofa, ya wanke jikinsa da ruwa zalla sau uku don kada ya cuci kifayen, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa mini bakinta.

Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne ruwan gishiri ba ruwan rijiya ba ne. Saukar farko ko rabi bai kai ba ya taso, idanunsa jajur, yana dariya.

"Ruwan nan turo mutum yake. Ga shi da yaji kamar miyar gwauro. Kafa mini sandar nan in bi ta."

Na ja sandar kankara har ƙarshe, na kafa ta a ƙasa, na danne ta da gwiwa. Ya bi ta da hannu ya sauka. Na ga Hajiya ta gudu bayan dutse. Da ya taso ya kama katakon yana tari, leɓensa ya yi toka-toka, numfashinsa yana fita da ƙara.

Ya ce, "Na taɓa shi da kan yatsa."

Ya ɗago ya dube ni. Igiya tana hannuna, kuma shi ya koya mini abin da mai igiya yake dubawa. Na daɗe ina tunanin wannan kallon, kuma na gaskata jira yake in ce ya isa. Shi ba zai faɗa da bakinsa ba, bai taɓa faɗa ba a rayuwarsa.

Na ce, "Ashe kaɗan ya rage, Kawu."

Ya ce, "Kaɗan."

Sauka ta uku ta daɗe. Ina hango shi ya zura hannu a tsagar har kafaɗa, ƙafafunsa suna tasowa sama yana ƙoƙarin danne su. Sai na ji fizga uku. Na ja da duk ƙarfina. Ya fito baki buɗe, ruwa yana fita ta hanci, na jawo shi kan katakon. Ya yi amai, ya yi tari har na ce ba zai tsaya ba. Sannan ya buɗe hannu ya miƙo mini zoben.

Ya zauna a kan bokiti yana rawar sanyi. Tagar ɗakin a buɗe take wajen teku. Ruwa ya malale ɗakin yana bin matakala, na tuna mai gadi yana iya hawowa. Na ɗauki tsumma na shiga goge ƙasa. Na goge ɗakin, na goge matakala ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye sandar na rataye ta, na ɓoye igiyar. Aikin ya kai rabin awa. Kashabiyar tana bayan ƙofa, taku uku daga inda yake zaune. Sai da na gama na tuna da ita.

Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi. Ran Asabar na gaya wa Si Bashir mura ce. Na sayo ƙwayoyi a farmasi, na dafa masa shayi da citta. Kawu ya ce kada a kai shi asibiti, ba mu da takarda, ni kuma na riƙe wannan maganar tasa da hannu biyu, don a asibiti za a yi tambaya. Kwana huɗu yana kwance a kan kwali, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan guga a kan itace.

Rana ta biyar Si Bashir ya zo da kansa, ya hau benen yana haki. Da ya ga Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya ce in kama ƙafa, ya kama kafaɗa, muka sa shi a motarsa tsakanin jarkoki. A asibiti ba wanda ya nemi takarda kafin a ba shi gado. Likitar ta saurari ƙirjinsa ta tambaya ko ya faɗa ruwa. Na ce e. Ta ce me ya sa sai yau.

Ya yi kwana uku a can. Ranar ƙarshe, bayan azahar, ya buɗe ido ya yafito ni.

"Kada ka gaya wa Hajo na sauka. Faɗa za ta yi."

Bai ƙara magana ba har ya cika.

A Wahran aka rufe shi. Ƴan benenmu sun zo, da mai gadin gidan abincin, da wasu maƙwabtan Si Bashir da ba su taɓa ganinsa ba. A hanyar dawowa daga maƙabarta na gaya wa Si Bashir komai. Ya tsayar da mota a gefen titi, ya daɗe hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya fita ya buɗe baya, ya zaro wata doguwar jaka daga ƙarƙashin kujera. A ciki akwai wata waya mai lanƙwasa kamar bulala, da ƴar fitila a kanta. Ya danna gindinta, wasu ƙananan farata huɗu suka buɗe a bakin, ya saki suka rufe.

Ya ce, "Don tsagar duwatsu aka yi ta. Aikin minti goma ne." Ya mayar da ita jaka. "Abubuwa suna faɗawa tanki, Lawali. Ni ma makullina ya taɓa faɗawa."

Bai kore ni ba. Na ƙara wata biyar a wurinsa, ina ɗaukar jarkoki, don na kasa durƙusawa a kan katakon nan. Daga baya na ce masa gida nake so, ya raka ni tasha.

A salula na gaya wa mutanen gida sanyi ne ya kama ƙirjin Kawu. Da na sauka a Matameye ban nufi gidanmu ba, na fara zuwa yi wa Iya Hajo gaisuwa. Ta fita takaba. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta kawo mini ruwa, ta jira na sha.

"Lawali, ya sauka?"

Na tuna abin da Kawu ya roƙe ni. Amma ita na ɗaukar wa alkawari, kuma na gaji da fassara magana.

"Ya sauka, Iya. Ni na riƙe igiya."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta ajiye ƙwaryar. Na ba ta labarin daga farko, zoben, da ƙaryar, da kwana huɗun. Ba ta katse ni ba. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran ta ambaci alkawarin.

Ta ce, "Da ya fito, da me ka rufe shi?"

Ta ci gaba da magana.

"Shekara talatin, in ya fito daga rijiya, kafin ya yi magana bargo yana kansa. In a wani gari ne aikin, ni nake naɗe bargon in ba abokan aikinsa. Da me ka rufe shi?"

"Ban rufe shi ba, Iya. Ƙasa nake gogewa."

Ta juya fuskarta wajen bango. Kaji suka zo suna tsattsagar gyaɗar, ba ta kore su ba. 

Can ta ce, "Ina zoben?"

Na kwance shi daga tsumman da na ƙulle shi a ciki. Ta dube shi a tafin hannuna, ba ta taɓa ba.

"Sa shi."

"Iya, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Tun da aka ce kana hanya uwarka take cewa zoben nan ne ya riƙe mata kai. Ita ta ba ka, kuma ƙanenta ne ya tafi. Kada ta san abin da ya bi ya sauka. Ba zan ce ka ɗauki alkawari ba. Ka dai yi shiru. Tashi ka je, tana jiranka."

Na sa shi a zaure. Da na shiga gida Inna ta kama hannuna kafin ta dubi fuskata, ta shafa zoben da babban yatsa, ta yi hamdala, ta yi kukan ƙanenta a kafaɗata.

Shekara huɗu na yi da shi a hannu. Ina noma da shi, ina alwala da shi. Duk Juma'a ina zuwa gaida Iya Hajo, in kai mata abin da ya samu. Tana amsa gaisuwa, tana tambayar iyali, daga nan sai shiru, in tashi.

Inna ta rasu a daminar da ta wuce, ba ta sani ba. Ranar sadakar uku ina zaune a ƙofar gida bayan mutane sun ragu, Iya Hajo ta fito za ta tafi. Ta tsaya a gabana, ta dubi hannuna.

Ta ce, "Yanzu kana iya cirewa."

Na cire a gabanta. Ta gyara mayafinta ta wuce. Ban tambaye ta ko ta yafe mini ba, ita ma ba ta ce ba.